Motar da Ba Ta Taɓa Shaƙewa a Gaban Makanike Ba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal a nan Damagaram, na taɓa mallakar wata tsohuwar mota fara. Duk wanda ya ganta ya san ba don ado na saye ta ba. Mahaifiyata ce take zaune a Zermu, ta ƙi dawowa birni tun bayan rasuwar mahaifinmu, ga ciwon suga da hawan jini sun sa ta gaba. Duk bayan mako biyu sai in je in ɗauko ta mu ga likita, in mayar da ita kafin la'asar. Motar haya tana wahalar da ita ƙwarai, shi ya sa na daure na saya.

Wanda ya zaɓa min motar abokina ne, makanike, mai garaji a Zengo. Tare muka tashi a Zermu. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, don haka rabin tuwon da ya ci a duniya daga tukunyar Innata ya fito. Ni na bi boko, shi ya bi ƙarfe, amma ba mu rabu ba. Ni kuwa abin da na sani game da mota bai wuce inda ake zura makulli da inda ake zuba esansi ba.

Wajen shekara guda motar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai wata rana ina dawowa daga Mirya, ina tafiya lafiya lau, na ji ta yi sanyi a ƙarƙashin ƙafata. Na ba ta wuta, ta ƙi karɓa. Ta fizga sau biyu kamar mai tari, ta shaƙe, ta mutu. Na gangara gefen hanya na buɗe kapo na tsaya ina kallon injin, kamar dai in na daɗe ina kallonsa zai faɗa min abin da ke damunsa. Bayan ɗan lokaci na murza makulli, ta tashi garau, ta kawo ni har gida.

Washegari na kai wa abokina. Ya saurari injin, ya zaga da ita har hanyar Tanut ya dawo, ya ce, "Kai, motar nan ta fi ka lafiya."

Bayan kwana huɗu ta sake yi.

Daga nan muka shiga abin da ya ci mana wata uku. Ya canza buji, ta yi mako guda shiru, ta sake. Ya kwance karburato ya wanke shi tas, ya sa sabuwar filtar mai, ta sake. Ya ce ko bobin ce take zafi tana yanke wuta, ya ciro ta motarsa ya sa min. Ya hana ni sayen man kwalba na bakin titi, na daina, ta sake. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ko sau ɗaya ba ta taɓa yi a gabansa ba. In dai yana ciki, sai ta yi ta gudu kamar jiya aka ƙera ta. Har mutanen garajin suka fara yi min ba'a, wai motar tsoronsa take ji.

Shi bai taɓa dariya ba. Tambayoyi yake ta jero min. Da safe take yi ko in rana ta take? A kan gudron, wato kwalta, ko a hanyar laterit mai jan ƙasa? In tanki ya cika ko in mai ya yi ƙasa? Ni kuma, malami guda da ke faɗa wa yara su riƙa lura da komai, ban iya amsa ko ɗaya ba. Sai in ce, "Yi kawai take yi."

Ranar da abin ya ɓaci, cikin bazara ne, zafin nan da ko inuwa ba ta da daɗi. Na ɗauko Inna daga Zermu da hantsi. Ba mu yi nisa ba motar ta shaƙe. Na jira, ta tashi, ta ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa. Haka muka yi ta yi har batir ya ƙare, makulli ya koma ƙas-ƙas kawai. Na shimfiɗa wa Inna darduma a gindin wata aduwa da ba ta da ganyen kirki. Ruwan da muka zo da shi ya ƙare. Ina kallo leɓɓanta suka bushe, amma ita ce take lallashina.

"Zauna mana, ɗan nan," ta ce. "Kai-komon da kake yi ba zai tayar da ita ba."

Sai bayan azahar wani mai kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya tsaya, mutanensa suka tura mu. Ko da muka isa asibiti likitan ya tashi. Inna ba ta koma Zermu ba ranar, kwana biyu bayan haka aka ba ta gado.

A ranar da muka yi zaman hanyar, daga asibitin kai tsaye na wuce garaji. Na same shi kwance ƙarƙashin wata mota, masu motoci uku ko huɗu suna zaune a benci suna jiransa. Ban yi sallama ba. Abin da na faɗa ranar har yau ba na son maimaita shi duka. Na ce wata uku yana wasa da hankalina. Na ce kayan kirki na motata yake cirewa yana cusa min ruɓaɓɓu. Na ce in wani abu ya sami mahaifiyata, shi ne.

Ya fito a hankali, ya goge hannunsa da tsumma. Idonsa ya kaɗa, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Inna tana ina yanzu?"

"Ba ruwanka."

Ya ce, "Abu ɗaya ya rage ban duba ba. Ka bar min ita kwana biyu in sauke tanki."

Na ce ko tayarta ba zai ƙara taɓawa ba. Na juya na tafi, ina jin idon mutanen benci a bayana, har ina ganin na yi abin jarumta.

Inna ta yi kwana ashirin da wani abu a asibiti, Allah ya karɓi abarsa. Likitan ya faɗa min ƙodarta ta daɗe da gajiya, ba zaman gindin bishiya ne ya kashe ta ba. Na ji da kunnena, amma zuciyata ta ƙi ɗauka, don ina bukatar wanda zan ɗora wa. Ƙanwata ta ce min abokina yana zuwa duba Inna a lokutan da ya san ina aji, yana kawo mata fura. A ranar jana'iza yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe ta. Da ya zo yi min gaisuwa, na miƙa masa hannu ina kallon wani wuri.

Motar kuwa na jingine ta a ƙofar gida har damina ta wuce. Daga baya wani abokin aikina ya ba ni labarin wani tsohon makanike a Tirmini, wanda ya yi shekaru yana gyaran motocin da ke ratsa hamada. Na sa batir na lallaɓa na kai masa. Tsohon bai ko buɗe kapo ba. Ya zaunar da ni a tabarma ya sa na ba shi labari tun daga farko, da duk abin da aka canza.

"Wanda ya yi maka aikin nan ya san aikinsa," ya ce. "Ya bi wuta, ya bi mai har zuwa filtar. In ka kashe ta ka ɗan jira, tana tashi?"

"Tana tashi, Baba."

"To, wani abu ne yake toshe bakin tiyo a cikin tanki. In injin yana jan mai sai ya manne, in ya mutu sai ya saki. Bai ce zai sauke tankin ba?"

Na ce ya faɗa.

"Me ya hana?"

Sai na ce a sauke shi kawai.

Aka sauke tankin, aka juye sauran man a bokiti. Tsohon ya lanƙwasa waya ya zura, ya yi ta lalube, sai ga shi ya jawo wani abu baƙi mai santsi. Ya shimfiɗa shi a kan dutse. Guntun baƙar leda ne, bai kai tafin hannu ba, da ɗan zaren roba maƙale a jikinsa.

Ina ganinsa na gane shi. Makonni kaɗan kafin motar ta fara ciwonta, na manta murfin tanki a wurin shan mai. Maimakon in je in faɗa wa abokina ya yi min dariya, sai na ninka leda na toshe bakin, na ɗaure da roba, na yi kwana goma ina yawo a haka kafin in sami wani murfin a kasuwa. Ranar da na cire ledar na ga ta yage, ban ko tambayi kaina ina sauran ya tafi ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba.

Daga Tirmini zuwa Damagaram motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ni ne na tsaya sau biyu a hanya, don ba na ganin gabana sosai.

Sai da na yi kwana uku kafin na iya zuwa Zengo. Na tarar da garajin ba kamar da ba, mota ɗaya ce tak a ciki. Ashe maganar da na yi a gaban mutane ta zaga, ana cewa ko amininsa ya ce yana musanya kaya. Na ajiye masa ledar a kan benci na faɗa masa komai. Ya ɗauka ya jujjuya ta, har ya ɗan yi murmushi irin na mai sana'a da ya ga amsar da ta daɗe tana hana shi sukuni.

"Na san a tanki take," ya ce.

Na ce ya yafe min.

"Na yafe tun ranar. Kana cikin tashin hankali, kowa zai iya faɗa." Ya ajiye ledar. "Amma ranar da muka rufe Inna, ni ma uwa na rasa. Na zo wurinka don mu yi kuka tare, ka ba ni hannu kamar wanda ya zo daga wata unguwa."

Daga nan ya juya. Ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara.

Na bi mutanen da suke kan benci ranar, waɗanda na iya tunawa, na faɗa musu gaskiya ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun dawo masa, wasu sun riga sun saba da wani wuri. Na lura mutane sun fi riƙe zargin da aka yi da ihu a kan gyaran maganar da aka zo yi da murya ƙasa-ƙasa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In abu ya lalace yanzu, a gida ko a wurin aiki, kafin in nemi wanda ya taɓa shi, nakan zauna in tuna abin da ni na yi masa wanda na raina. Sau da yawa a nan nake samun amsar, kuma ba ta da daɗin samu.

Har yau muna gaisawa da abokina. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya zo sunan ƴata, na je ɗaurin auren ƙaninsa. Ba ya nuna min komai sai alheri. Sai dai tun muna yara akwai wani suna na tsokana da yake kirana da shi, wanda duk duniya shi da Inna kaɗai suke faɗa. Tun daga ranar garajin nan ban ƙara jinsa a bakinsa ba. Yanzu in ya gan ni sai ya miƙe tsaye, ya ba ni hannu biyu, ya kira ni da sunan girmamawar da ƴan lakwal suke kiran malaminsu, ya ce, "Mushe, ina wuni?"