Shafin da Saratu ta gwada a tsakiyar ruwa

Shekara biyar ke nan da rasuwar Saratu, 'yar ƙanwata, wadda ta gina wa ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Bronx shafin intanet. A nan muke sa sanarwar haihuwa da ta rasuwa, a nan kuma mutanen gida ke duba labarinmu.

Na zauna a Kumasi, na zauna a Damagaram, na ga masaƙa da masu ɗinkin riga iri-iri. Gwanin cikinsu, ko ka juya rigar da ya ɗinka, cikinta ma tsaf yake. Haka Saratu take aiki. Ta taɓa nuna mini rubutun da ke bayan shafin, layi bisa layi. Ban gane komai ba, amma na ga tsari. Na ce mata wa zai ga wannan? Ta ce, "Kawu, ai ni na gani."

A unguwar St. George take zaune, a wani tsibiri, kullum a jirgin ruwa take tsallakawa zuwa aiki a Manhattan. Tana da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Duk shafin da ta gama, sai ta bari jirgi ya kai tsakiyar ruwa, inda sabis ke rauni, sannan ta buɗe shi da wayar nan. In ya yi jinkiri, ta koma ta rage nauyin hotuna, ta cire adon da ba shi da amfani. Mahaifiyarta take tunawa, wadda ke ƙauye kusa da Zonkwa, sai ta fita bakin titi take samun sabis.

A watan jiya sabbin shugabannin ƙungiya suka kawo shafin da suke so ya maye gurbin nata, cike da bidiyo da launuka masu motsi. Sakatarenmu ya ce, "Baba, zamani ya wuce wancan." Ban yi musu da shi ba. Na sa wa tsohuwar wayar Saratu layi, wadda take hannuna tun rasuwarta, na je na hau jirgin. Har muka sauka, sabon shafin bai nuna komai ba sai fari. Nata kuwa ya buɗe kafin in gama gyara tabarau.

Da tana nan, me za ta ce? Ba na jin za ta ƙi sabon abu, don ita ma mai son kyau ce. Tambayarsu za ta yi, wa kuka yi wa wannan?

Na faɗa musu a taro cewa su sabunta yadda suke so, amma ba zan sa hannu ba sai shafin ya buɗe a tsakiyar ruwa. Wasu sun yi dariya. Sakatare dai ya ce zai biyo ni ranar Asabar ya gani da idonsa.

Har yau ƙanwata tana fita bakin titi ta buɗe shafin, domin hoton 'yarta yana ciki. Muddin ina da rai, ba za ta tsaya a rana tana jiran abin da ba zai buɗe ba.