Shekarar da Na Shafe Shanun Tsaskiya

Lokacin da kuɗin fetur ke juya wa manya kai, aka sayo wa ofishinmu na kula da dabbobi kwamfuta. Ita ke kwana cikin iyakwandishan, mu muna zufa a baranda. Ni aka tura kwas na koyon yarenta, na dawo ina ɗaga kafaɗa, ko a garinmu Batsari sai na ga dama nake amsa gaisuwa.

Aikina na farko jadawalin rigakafin bushiya ne, ciwon nan mai kwashe garke. Kowane makiyayi layi ɗaya, da gurbin suna, da na ruga, da na yawan shanu. Da jimillar za a raba allura.

Malaman da suka zaga rugagen Tsaskiya da Runka, a ƙasar Safana, sun dawo da gurbin yawan shanu fayau. Bafulatani ba ya ƙirga dukiyarsa gaban baƙo. Ka tambaye shi, ya ce, "Alhamdu lillahi, akwai 'yan kaɗan." Ga tsoron baki, ga jangali da aka soke amma ba a manta ba. Na san haka sarai, don kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin jadawalin, kuma da nonon shanunsa na girma.

Umarnin da na rubuta wa kwamfutar ya cije, ya ƙi tara gurbin da babu komai. Oga kuwa yana tsaye a kaina, baƙi na tafe. Sai na ƙara layi biyu: inda babu komai a sa sifiri, mai sifiri kuma a tsallake shi. Nan take takarda ta fito tsaf. Har tafi aka yi mini.

Bisa lissafina, unguwar manyan ma'aikata ta fi ƙasar Safana shanu, don su mai saniya uku talatin yake rubutawa. Can allura ta tafi.

Bayan ciwon ya ratsa, na hau a-kori-kura zuwa Tsaskiya, kunya kamar ta kashe ni. Na tarar da kawu zaune a bakin garke, babu ko saniya ɗaya, igiyoyin maruƙa a zube. Muka gaisa har ƙarshe, sannan na faɗa masa abin da na yi. Na so ya zage ni.

Ya sunkuya ya ɗauki igiya ɗaya.

"Ɗana, koma wurin aikinka," in ji shi. "Ba sai ka gyara komai ba. Abin da ka rubuta, yanzu haka yake."