Abin da Na Hana a Ba 'Yata

Ni ce na miƙe a taron iyayen nan. In ana neman wadda za a zarga, ga ni, ba sai an sha wahalar nema ba.

Shekararmu shida ke nan a Sri Petaling, wata unguwa a ƙasar Malay. Maigidan yana koyarwa a wata jami'a, babbar 'yata kuma tana ajin ƙarshe a wata makarantar kuɗi da 'ya'yan baƙi suka fi yawa. Wata Asabar da safe aka tara mu. Nas ɗin makarantar, wata dattijuwa 'yar Indiya, ta ce tana neman izinin iyaye ta ajiye kwaroron roba a durowarta. Ba a aji za ta raba ba. In babban ɗalibi ya zo da ƙafarsa, ta zaunar da shi ta yi masa nasiha, in ta ga ba zai ji ba, ta ba shi.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na tashi da ɗan Turancina, na ce mu ba mu ƙetaro teku da 'ya'yanmu don a koya musu iskanci ba. Wanda ya miƙa wa yaro tsani, ai shi ya ce masa ya haura katanga. Na ce tarbiyya aikin gida ce, mu za mu yi wa 'ya'yanmu magana da bakinmu. Iyaye Malay da Larabawa suka tafa mini, aka ɗaga hannu, magana ta mutu. Don murna har na biya ta mamak, wurin masu abincin nan na bakin titi, na yi mana tapau ɗin roti, wato aka ƙunshe mini gurasarsu na tafi da ita gida.

To ina maganar da na ce zan yi? 'Yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, balle irin wannan zance. Ni ma da na girma gwaggona ce ta ja ni ɗaki ta faɗa mini komai, ba ta rage ba. A Kano akwai gwaggo, akwai kaka, akwai matar yaya mai bakin tsiya. Nan a hawa na sha bakwai na benen da muke zaune kuwa, daga ni sai ni. Na kwaso kunyar na zo da ita, gwaggon na bari a gida. Sau nawa na tsaya a ƙofar ɗakinta, sai in ji bakina ya ce, "Ke, kin yi la'asar?" Ta ce, "Na yi lah, Umma," irin yadda 'yan ƙasar suke magana. In juya.

Bayan wata biyar ko shida, wata Laraba, ruwan nan na ƙarfe huɗu yana zuba, na ji faɗuwar abu a banɗaki. Na tura ƙofa na same ta a ƙasa cikin jini. Ciki ne na wata uku, ta sayi wasu ƙwayoyi ta waya ta haɗiya ita kaɗai. Ban san yadda muka sauko da ita ba. Na dai tuna direban tasin yana ta danna ham, ni kuma ina riƙe da kanta ina salati.

Likitoci sun ceto ranta, amma sai da suka cire mahaifar. Shekararta sha bakwai. Yaron da ya yi mata cikin ɗan ajinsu ne, iyayensa suka mayar da shi ƙasarsu kafin a sallame mu.

Har gobe ban ce abin da suka yi halal ne ba, kuma in aka sake kiran taron ban san da wane hannu zan yi zaɓe ba. Amma tsoro ya zauna mini. Ko kofi ya faɗi a banɗaki sai na ruga na duba.

A kwana na uku a asibiti ta yi magana. Fuskarta tana kallon bango, da Turanci ta faɗa, don shi ne harshen da take kuka da shi.

"Umma, na je wurin nas ɗin. Tun kafin komai ya faru."

Sai ta ci gaba.

"Ta ce iyaye sun hana. Ta yi mini faɗa, ta ce in je in yi magana da mahaifiyata. Na zo, Umma. Kina kicin kina miya. Kika ce in miƙo miki gishiri."

Na tuna ranar sarai. Ta tsaya a bakin ƙofa da kayan makaranta, tana murza gefen hijabinta. Na ga magana a bakinta, kuma na san wace iri ce, uwa ai ba ta kasa sani. Shi ya sa na nemi gishirin. Na riga na sa gishiri a miyar.