Kiɗan Layin Asibiti

Ban daɗe da zuwa Kuala Lumpur ba korona ta kama maigidana. Shi karatun digiri na uku ya kawo shi, ni kuma aure, da takardar sakandare da ɗan Turancin da bai wuce na gaisuwa ba. Da numfashi ya gagare shi, wasu mutane cikin fararen ledoji suka zo suka tafi da shi, ni aka ce in kulle kaina a gida. Sai bayan tafiyarsu na ga cajarsa a kan gado. Washegari wayarsa ta ɗauke.

Lambar asibitin kaɗai ta rage mini. Na kira da hantsi. Wata mata ta ɗauka, na faɗi sunansa, ta yi wata magana da sauri, sai ta ɓace. Sai kiɗa. Fiyano ne, a hankali, kamar mai kaɗawar yana gudun tada wani daga barci. Can sai gogunan Turawa suka shigo da yawa, suna jan sauti mai tsawo.

Ni fa a iya sanina, kiɗa da waƙa yake tafiya. A biki akwai mai rerawa, a rediyo ma haka. Inda na san ana sa kiɗa mai sanyi ba murya, to a fim ne, idan likita ya fito yana girgiza kai. Na ce shike nan, haka al'adarsu take, su lallashe ka da kiɗa kafin su faɗa maka. Na katse kiran.

Kullum sai na kira, kullum fiyanon na farawa sai in katse. Gani nake in dai ban bari an faɗa ba, to bai faru ba. In zauna in ta tunanin wa zai yi masa wanka, da yadda ake takaba a saman bene a ƙasar da ba dangin iya ba na baba.

Wata Bahaushiya da ke ƙasa da mu a benenmu na unguwar Bukit Jalil, babbar mace mai karatu, ita ke ajiye mini tapau, wato ƙunshin abincin saye, a bakin ƙofa. Ta kira ni na gaya mata ina kuka.

"Anti, kiɗan mutuwa suke sa mini."

"Wane irin kiɗan mutuwa?"

Na kwatanta mata. Ta yi salati, sannan ta tuntsire da dariya.

"Ke amarya, Allah Ya shirye ki! Jira aka ce ki yi. Ko kamfanin wuta kika kira shi za su sa miki. Jaz sunansa, masoya ke cin abinci da shi a otal. Maza sake kira, kuma kika katse sai na hauro da korona da komai."

Na kira. Na daure wa fiyanon, na daure wa gogunan. Ashe akwai na gaba da ban taɓa kaiwa ba: ƙananan ganguna da kacau-kacau, mai sa kafaɗa motsi, wanda Anti ta ce na rawar mutanen Latin ne. Ina ta Hasbunallahu, na duba ƙasa sai na ga babban yatsan ƙafata yana bin gangar. Ban san ko mijina yana raye ba, ga ƙafata tana rawa. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma ban san ko kunya ya kamata in ji ba.

Kiɗan ya yanke a tsakiya. Wata nas ta ce, "Boleh, boleh," wato ba matsala a yarensu, aka yi ta ƙwaramniya. Sai numfashi mai nauyi, da wata murya a shaƙe, da ƙyar na gane ta.

"Ke kuwa ina kika shiga? Kullum sai su ce matata ta kira ta gudu."

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Yi magana mana," ya ce, yana tari. "Wayar mutane ce."