Ƙofar da Ke Cikin Jinin Luba

Har gobe ba zan manta da ranar da na yi wa Malam Sahabi faɗa ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Wurno, ni ke karɓar masu sikila duk Laraba. In auna nauyinsu, in tura su gwajin jini, likita ya duba sakamako ya rubuta magani.

'Yar Malam Sahabi, Luba, mai shekara tara, an ɗora ta kan wani magani da ake sha kullum. Bayan wata uku sai ga shi ya saɓo ta a kafaɗa, tana kukan ƙafa, kwalbar maganin kuma kusan cike. Ashe sai ciwo ya tashi yake ba ta. Ni kuwa akwai saurin hawa, na wanke shi tas a gaban mutane.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, ciwon da anka haihi ɗiya da shi, mi ƙwaya za ta sake? Na aje ne don ranar wuya."

Kunya ta rufe ni, don ban taɓa yi masa bayani ba. Shugabar sashenmu, Hajiya Inno, ta ja shi gefe ta tambayi sana'arsa. Ya ce shi ke buɗe wa masu shinkafa ƙofar ruwa a fadama.

Ta ce, "To Malam, Luba na da wani jini mai kyau da ta rayu da shi tun tana ciki. Umurnin yin shi na nan rubuce cikin ƙwayoyin halittarta, ba a goge ba. Bayan haihuwa ne wani furotin, wato wani sinadari na jiki, ya hau wurin ya danne, kamar ka rufe ƙofa ruwa na bayanta. Maganin ga sassauta ƙofar yake yi, kaɗan-kaɗan, kullum. Ba ya raba ta da sikila, amma ciwo na raguwa."

Sai ya ce, "Ashe ni ka ruhe ta. Wa ka jiran shinkafa ta bushe kahin ya ba ta ruwa?"

Daga nan bai sake tsallake rana ba. Gwaji ya nuna jinin nan yana ƙaruwa, damina biyu Luba ba ta kwana a asibiti ba. Na yi murna har da hawaye.

Ku sababbin zuwa aikin jinya, mutanenmu ba taurin kai gare su ba, bayani suke jira. Sunan furotin ɗin tun a makaranta na haddace shi, amma ban san yadda zan faɗa wa mai fadama ba. Wannan rashin sanin nawa ne ya kwantar da yarinya kwana shida a asibiti a wancan zuwan.