Liman a Bayan Sahu

Kakata Tabawa ba ta yin tatsuniya sai an gama kai gero rumbu. Lokacin ne kara yake yawa a ƙauyenmu, can gabas da Tasawa. Bayan magariba sai ta tara shi a tsakar gida ta hura wuta, ta binne gyaɗa a toka, mu kuma mu kewaye ta, gabanmu zafi, bayanmu sanyi. Wutar kara ba ta jimawa. Takan tashi kamar za ta lashi taurari, kafin ka gyara zama ta kwanta. Kaka sai ta buga sandarta a ƙasa sau biyu ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce, "Mu ne." Sannan ta fara.

Da tatsuniyoyin nan na girma, na yi aure, na tsufa. Da su na hau jirgi ranar da ɗana Mamman ya ɗauko ni zuwa Greensboro, ya sauke ni a hawa na biyu na wani gida bayan High Point Road. Na zo da su cike da baki, na rasa inda zan juye. Mamman tun asuba yake tafiya aikin sito a Wendover. 'Yarsa, wadda ya sa wa sunana yake kiran ta Ummi don kunya, shekararta goma sha huɗu a lokacin. In na yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci. In na ce, "Takwara, zo ki ji wani labari," ta ce tana da aikin lakwal, wato makarantar boko. Har na fara sa wa raina cewa tare da ni za a binne abin da kaka ta ba ni.

Ranar Lahadi kaɗai gidan yake cika da murya. Bayan azahar, a watannin da ganye yake yin ja yana zuba kan motoci, uba da 'ya sukan zauna gaban tele su kalli ƙwallon mutanen ƙasar nan, wadda ake runguma da hannu, mai kama da gwanda. A shekarar musunsu ɗaya ne. Ƙungiyar da suke so tana da masu jefa ƙwallo biyu, kwatabak suke ce musu, kuma da ɗaya ake fara wasa. Mamman yana bayan babban. Ummi tana bayan sabon yaron. Wata Lahadi suka sake ɗauko musun.

"Wannan ya ga jiya," in ji Mamman. "Kafin kowa ya motsa ya gama karanta fili. Naki kuwa, da ya ga ƙato ya nufo shi sai ya rufe ido ya wurga."

"Baba, tsohonka ba ya gudu! Firij ne aka sa wa hula."

Rabi Hausa rabi Turanci take yi, amma firij ɗin na ji shi sarai.

"Ke, ki ji tsoron Allah. Firij ɗin nan ne ya fitar da mu kunya bara."

"Bara ta wuce. Koci ya kai shi benci ya huta."

Ni ina gefe da carbina. Ranar ce farkon da na ɗaga ido na dubi abin da kyau. Sai na ga ƙattai biyar sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, sun sunkuya gaba ɗaya. A bayansu mutum ɗaya tsaye yana ɗaga murya.

Na ce, "Mamman, wace irin salla ce wannan, liman a bayan sahu?"

Ummi ta yi dariya har ta zame daga kujera. Mamman ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Amma da Ummi ta share hawaye sai ta rarrafo ta zauna kusa da ƙafata, ta nuna mini da yatsa, ta haɗa Hausa mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta.

"Kaka, ba salla ba. Layi ne. Su biyar suna tare mutane, kada a zo a kayar da na baya."

"Su waye su?"

Ta dubi ubanta. Shi ma da ƙyar ya tuno sunan ɗaya.

Daga nan ban ƙara kallon mai jifa ba. Biyar ɗin nan nake kallo. Na ga duk sanda aka kayar da babban, ta hagu ake shigo masa, kamar awaki sun gano ɓarakar darni. Aka cire shi aka sa yaron, Ummi ta yi tsalle. Ba a jima ba shi ma aka baje shi a ƙasa, ta wannan gefen dai.

Da aka tafi hutun rabin wasa, sai na ji hannuna ya buga ƙafar kujera sau biyu, ban ma yi niyya ba. Na ce baƙuwa ta iso. Mamman ya amsa a hankali, kamar mai magana cikin barci, "Mu ne, Inna." Ummi ta dube shi, ta miƙa hannu ta rage muryar tele.

Na ba su tatsuniyar yadda kaka ta ba mu. Akwai wani gari da ruwan rijiyarsa ya yi fushi ya sauka can ƙasa, inda taurari suke kwana da rana. Sai an sami wanda zai shiga ya ba shi haƙuri. Garin yana da mahaƙa biyu: dattijo da ya san kowane dutse a cikinta amma gwiwa ta gaji, da saurayi mai zafin nama wanda bai taɓa ganin ƙasanta ba. Gari ya rabu. Mata suna musu a wurin daka, maza a gindin tsamiya, har miji da mata suka daina cin tuwo lokaci ɗaya. Kwana bakwai, tulu babu ɗigo. Rana ta takwas wata makauniya ta laluba bakin rijiya, ta ɗaga igiya ta ce, "Na ji sunan masu shiga har kunnena ya gaji. Wa zai riƙe wannan?" Sannan mutum biyar suka fito daga bayan taro, waɗanda ba a taɓa yi wa kirari ba, suka tofa yawu a tafi, suka kafa dugadugai. Igiya ta ci hannunsu har jini, ba su saki ba. Da la'asar ruwa ya biyo ta ya hau, da tauraro ɗaya yana yawo a kansa.

"To wa ya shiga?" in ji Ummi. "Tsohon ko yaron?"

Tambayar da muka yi ta yi wa kaka ke nan. Na ba ta amsar da aka ba mu: "Ban gani ba. Hannun masu igiya nake kallo."

Mamman ya ce, "Inna, kin gudu daga shari'a." Na ce ya yi mini shiru, akwai saura. Kaka ba ta rufe wannan tatsuniya sai mun jero sunayen biyar ɗin, wanda ya kasa ba shi da gyaɗa. Na fara. Dugadugi. Na-Gwiwa. Bawa Mai-Kanta. Na huɗu, Shiru.

Sai na tsaya. Na nemi na biyar na rasa. Na rufe ido na koma gaban wutar, ga kaka, ga sandarta, ga bakinta yana motsi, amma muryar ba ta iso ni ba. Duk waɗanda muka zauna a wurin sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda zan tambaya.

Sai Ummi ta juya ga tele, inda ƙattan suke dawowa fili, ta nuna wanda yake tsakiya, mai lamba a baya, wanda tun ɗazu ba a ture shi ba.

"Saba'in-da-Bakwai," ta ce. "Shi ne na biyar." Ta ɗaga yatsu ta jero su tun daga Dugadugi, da karkatacciyar Hausarta, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Musunsu bai ƙare ba, har wasan shekarar ya ƙare suna yi. Amma kowace Lahadi, in an tafi hutu, Ummi takan rage murya ta ce, "Kaka, wata." Ina yarinya na ɗauka jero sunayen nan wasa ne na cin gyaɗa. Sai da na tsufa a ƙasar mutane na gane kaka tana ba mu igiya ne mu riƙe, mutum bayan mutum, don ta san wata rana hannun wani zai gaji.

Yanzu Ummi tana jami'a a wani gari. Kwanan baya ta bugo waya ta ce, "Kaka, Saba'in-da-Bakwai ya yi ritaya."

Na ce, "A tele ne ya yi, takwara. A wurinmu yana nan tsaye, bai saki ba."