Murmushin da Ba na Alisabatu Ba

Duk wanda ya shiga layin masu doya a Kasuwar Jalingo zai tarar da Alisabatu a kan benci, kamar tana yi masa murmushi. Ba murmushi ba ne. Tana ƙarama a garinsu Iware wani zazzaɓi ya kwantar da ita, da ya sake ta sai ya bar gefen fuskarta na hagu a sandare, bakin ya karkace zuwa dama, idon hagun ma ba ya rufuwa sosai. In ranta ya ɓaci, gefen da ke da rai ne kaɗai ke motsi, sai bakin ya ƙara ɗagawa, baƙo ya ɗauka dariya take ƙunshewa.

A firamare ta sha bulala saboda wannan. Malami ya doke ta don laifi, ya duba fuskarta, ya ƙara mata don raini. In ta yi kuka kuma yara su kewaye ta suna kwaikwayon bakinta. Tun daga nan ta koyi haɗiye kuka a gaban mutane, ta kuma bar makaranta ta bi uwarta gona.

Rufus, manomin doya, shi ya aure ta, kuma shi bai taɓa ruɗewa ba. Yakan ce muryarta yake saurare. Sun haifi mata biyu, Cynthia da ƙanwarta. Shi yana noma, ita tana kai doyar Jalingo ta sayar, har ta yi ƙawa a kasuwar, Hajja Furera, Bafulatana mai nono da man shanu.

Wata damina Rufus ya goya tankin feshi ya shiga gona da maganin ciyawa, ba abin rufe hanci, ga iska tana mayar masa da shi. Ya dawo da ciwon kai da amai. Alisabatu ta sa shi a mota zuwa asibiti a Jalingo, kansa a cinyarta. Likita ya ce maganin ne ya shige shi. Bai tashi ba.

Ranar jana'iza Tobias, ƙanen marigayin, ya yi ta birgima a bakin kabari, sai da aka rirriƙe shi. Alisabatu tana tsaye, ta damƙe hannun Cynthia har yarinyar ta ji zafi. Bakinta kuwa ya ɗaga kamar yadda ya saba.

A cikin masu kallonta akwai Barnabas, baffan su Rufus, tsohon ɗan sanda da ya ƙare aikinsa a garuruwa masu nisa, bai daɗe da dawowa gida ba. Ba abin da yake alfahari da shi kamar karanta fuska. Yakan ce maƙaryaci ko a cikin taro yake, ƙiftawar idonsa ta ishe shi.

Bayan an watse ya tara dangi a ƙarƙashin mangwaro, ya sa aka kira Alisabatu.

"Dube ni nan," in ji shi. "Me kika ba mijinki ya ci?"

"Tuwo, Baba. Tare muka ci da yara. Likita ya ce feshi ne."

"Likita bai tsaya a bakin kabari ba, ni na tsaya." Ya juya ga jama'a. "Ku duba da kyau. Ido ba hawaye, baki yana dariya, ga ido ɗaya ko ƙiftawa ba ya yi. Irin wannan fuskar na sha ganinta a bayan kantar ofishin 'yan sanda. Ku dubi Tobias kuma, ku ga yadda mai baƙin ciki yake."

Alisabatu ta bi fuskokin mutanen da kallo. Barnabas dai zai iya cewa bai san ta ba. Amma sauran fa? Ga matar da ta karɓi haihuwarta, ga waɗanda suke waƙa tare a Zumuntar Mata ta coci, ga Tobias da ya ci abincinta tun yana gwauro. Dukansu sun san da wannan bakin aka ɗaura mata aure. Kowa ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya fi maganar tsohon ƙona mata rai.

Hajja Furera ce ta miƙe daga gefe, inda ta zauna da ƙwaryar nonon da ta kawo na ta'aziyya.

"Baba, ku yi haƙuri in sa baki. Ni lokacin da ɗana na fari ya rasu ban yi kuka a gaban kowa ba, mu a wurinmu kunya ce. Ni ma kashe shi na yi ke nan? Wannan matar ni na gan ta a asibiti, ko ruwa ta kasa sha. Bakinta kuwa haka Allah ya bar ta da shi, kuma kun sani."

"Hajja, maganar dangi ce," in ji Tobias. Muryarsa ta washe sarai.

Ba wanda ya kai ta ƙara, don ba su da abin da za su nuna. Sai dai aka yanke cewa Tobias zai riƙe gonar da irin doyar, wai don yara. Mata suka daina cin abincinta, in ta aika da tuwo a mayar mata da kwanon a rufe. Fasto ya zo sulhu, ya yi mata nasiha mai tsawo a kan yafiya, ya ƙare da cewa ita ma ta riƙa sakin fuska yadda mutane za su gane ta.

"Fasto," in ji ta, "da tana sakuwa ai da na sake ta tun ina yarinya."

Kafin a tono doyar da Rufus ya shuka ta kwashe 'ya'yanta ta koma Jalingo. Hajja Furera ta samo mata ɗaki a unguwar Turaki, a gidan wani ɗan'uwanta. Ita da a da take sayar da amfanin gonarta, ta koma saro doyar wasu a bakin mota. Da wannan ta riƙe yaran, Cynthia har ta gama sakandare. Gonar kuwa Tobias ya ba da ita haya, ko doya ɗaya ba ta taɓa zuwa Turaki ba.

Kirsimetin bara wata mata daga Iware ta same ta a kasuwa da saƙo. Barnabas yana kwance ba lafiya, ya ce ta zo, ya yafe mata.

Alisabatu ta ajiye doyar da ke hannunta. Ta dubi matar.

"Ki ce masa Allah ya ba shi sauƙi. Amma ya fara tara mutanen da ya tara, ya faɗa musu abin da na yi da har ya yafe. In ya faɗa, zan zo."

Har yau bai tara su ba, ita ma ba ta je ba.